Ƙofar Motar Yaya Sale

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar yayana Sale, kuma har yau in na ji an zuge ƙofar mota sai na waiga. Masu karatu ku yi mini haƙuri, filin yau ba na taki ba ne, ba kuma na rigimar rabon ruwa a kanal ba. Nasa ne, shi da motarsa, da wata magana da na daɗe ina haɗiyewa.

Yaya Sale manomin rani ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ƙaton mutum ne mai sanyin magana, wanda in kana ba shi labari zai yi shiru har ka fara zargin ko gyangyaɗi yake. Ni ne autan ɗakinmu, ni aka sa a boko na zama malamin firamare. Da yake na taɓa riƙe sitiyarin motar hedimasta sau biyu, sai gida ya ɗauke ni masanin mota. Ni ma ban musa ba.

Shekarar da tumatir ya yi masa kyau, ya ce ya gaji da goya Inna, mahaifiyarmu, a bayan babur duk ranar asibiti, ga matarsa Rabi da 'ya'ya biyar. Ya ce in raka shi Kano mu zaɓo mota. Wadda muka tsaya a kanta irin ƙananan motocin iyalin nan ce, ba ta kai bas ba, ta kuma fi ƙaramar mota, kamar bas ɗin da aka yanke wa hanci. A Japan aka ƙera ta saboda mai ƙaramin ƙarfi da ke da iyali, a garuruwan da lungunansu ba sa ɗaukar babbar mota. Can ta ci ƙuruciyarta, da masu ita suka gaji aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga nan ta iso mana da sunan Beljiyam, wato ta hannu. Kujeru layi uku gare ta, mutum bakwai a ganin waɗanda suka ƙera ta, goma sha ɗaya a ganin Yaya. Layin baya yana naɗewa ya kwanta. Injin ɗan mitsitsi ne, yana ƙarƙashin kujerar direba, shi ya sa da bazara Yaya yake ninka darduma ya zauna a kai. Mai kuwa lasa kawai take yi.

Aibinta ɗaya ne. A ƙasar da aka yi ta, ta hannun hagu ake tuƙi, saboda haka sitiyarinta a dama aka sa shi, ƙofar fasinja kuma, guda ɗaya tak mai zugewa, aka sa ta a hagu, gefen da motoci ba sa bi. Kanikawa sun ciro sitiyarin sun mayar da shi hagu, sun kuma yi aiki mai kyau. Ƙofa kuwa ba ta ciruwa. A titinmu da ake bin dama, duk wanda zai sauko daga bayan motar nan cikin titi zai sa ƙafarsa.

Na ga wannan tun a wurin dillali. Na gani sarai. Akwai wata a gefenta mai ƙofa a dama, amma dillalin ya ce takardunta sai bayan mako guda. Ni kuwa na riga na cika wa abokaina baki cewa da la'asar za su gan ni a gaban mota. Yaya ya zagaya ta, ya dawo ya dube ni ya ce, "Malam Habu, ka duba ta da kyau?" Na ce, "Lafiyarta lau, Yaya." Sai ya karɓi mukulli.

A hanyoyin gona da na bakin kanal ƙofar ba ta dami kowa ba, don sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da komai ba sai amalanke. Matsalar tana babban titi. Nan Yaya ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Da ya tsaya, ba wanda ya isa ya taɓa ƙofar sai ya fito. Zai tsaya ya ba motoci baya, hannu ɗaya a kan ƙofa, ɗayan a miƙe, ya riƙa fito da mutane ɗaya bayan ɗaya yana zagayar da su ta bayan motar. 'Yan tashar Kura suka sa masa suna Mai Gadi, in ya tsaya har fito suke masa. Dariya kawai yake yi. Ni ma ina dariyar tare da su, amma ba ta kai cikina.

Motar nan ta yi wa ƙauyenmu hidima. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai 'yan ɗaurin aure Kumbotso, ta ɗauki injin ban ruwa zuwa wurin gyara, ta sha kwandunan tumatir har sai da ƙamshinsu ya kama kujerunta. Ƙananan tayoyinta sun sha nutsewa a taɓon damina, amma ba ta da nauyi, ƙarti huɗu sun isa su ciro ta.

Ranar da abin ya faru, lokacin kwasar tumatir ne, titi ya cika da manyan motoci. Ya ɗauko Inna zuwa ta'aziyya a Kura. Gwiwarta ta daɗe tana ciwo, saukowa takan ɗauke ta lokaci. Tana cikin neman inda za ta sa ƙafa, wata babbar mota ta matso tana kauce wa mai babur. Waɗanda suka gani sun ce Yaya ya tura Inna ciki da hannu biyu, shi kuwa bai samu inda zai shiga ba. Aka naɗe kujerun baya aka kwantar da shi, aka kama hanyar Kano. Bai kai ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A ranar nan, duk cikin waɗanda suka taru a kansa ba mai wayar hannu, sai da aka tura mutum a kan babur ya faɗo mini a makaranta. Yanzu mai tsinkar tumatir ma daga cikin gona yake kiran dillali. Irin motarsa kuma ta cika hanyar Bunkure, da yawansu da ƙofa biyu, hagu da dama. Na san zai tsayar da mai ita, ya zuge wannan, ya zagaya ya zuge waccan, ya daɗe yana jinjina kai. Na kuma san ransa zai ɓaci da yadda direbobin yanzu ke sauke yara a bakin titi ba tare da sun ko kashe mota ba.

Shekara biyar ina guje wa gidansa. Ina zuwa gaisuwar Sallah, in tsaya a soro, in ce ina sauri. Ba na iya haɗa ido da Rabi, ba na iya kallon motar da ke fake a gindin mangwaro tayoyinta sun sace. Tsoro nake ji, in faɗa mata ta tsane ni, in kuma ci gaba da ɓoyewa in mutu da abin a cikina. Makon jiya na shiga. Na sami Rabi tana gyaran shinkafa, na zauna, na faɗa mata komai tun daga wurin dillali. Ba ta ajiye faifan ba sai da na gama.

"Malam Habu, ai ya sani," in ji ta. "Tun kafin ka gani ya gani. Ya ce ya tambaye ka, ka ce lafiyarta lau, shi kuwa ba zai ƙaryata ƙaninsa a gaban dillali ba. Na yi masa faɗa a lokacin. Ya ce ƙofa ɗaya ce, shi kuma Allah ya ba shi faɗin baya."

Na zaci in na faɗa zan ji sauƙi. Ban ji ba. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce kwanansa ne ya ƙare, in kuma daina tsayawa a soro kamar baƙo, don yara har sun fara tambaya ko laifi suka yi mini.

Yaya bai bar wani ginin a zo a gani ba, gonar ma an raba ta. Motar nan gaba kaɗan 'yan gwangwan za su zo su kwashe ta. Abin da ya bari shi ne Inna, wadda har yau take tashi da asuba ta yi masa addu'a, da 'ya'ya biyar da ba wanda ko ƙwarzane ya taɓa samu a bakin titi. Ya kuma bar ni da mutuncina, wanda ya rufa mini shekara da shekaru ban sani ba. Allah ya yalwata masa makwanci, ya tsaya masa kamar yadda ya tsaya mana. Jiya na ci tuwo a tsakar gidansa, tare da 'ya'yansa, a kwano ɗaya.