Citta a Kan Dutse, Ni a Kan Keke a Kwatano

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau uku ina farawa ina yage takardar, domin karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron a yi mini dariya sau biyu: ɗaya don abin da na aikata, ɗaya don yadda na rubuta shi. Amma ranar ba za ta taɓa fita raina ba, mutanen ƙauyenmu ma sun ƙi bari ta fita, don haka gara ku ji daga bakina.

Ni manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kachia. Lokacin da nake saurayi, mu huɗu ne muke tseren keke, dukanmu manoma. Da sassafe mu hau titin Kafanchan, hantsi na yi mu koma gona. Kocinmu, wani tsohon malamin makaranta, shi ya samo mana gayyata zuwa wani ƙaramin tsere a ƙasar Benin, kusa da Kwatano. Ya kuma aro mana kekunan tsere na gaske. Mai kekunan ya ce duk wanda ya fi ƙoƙari a cikinmu, an bar masa nasa kyauta. Kekena na gida irin na ɗaukar buhu ne, kuma da shi ɗin ma nakan wuce sauran ukun. Kowa ya ɗauka kyautar tawa ce. Ni ma haka na ɗauka.

Sai dai tseren ya faɗo daidai farkon shanya. Wanda bai san citta ba, bari in gaya masa: in an tone ta, ana tsaga ta gida biyu a baza a rana. Ruwa ya taɓa ta a shanya, sai ta yi baƙi ta yi funfuna, wahalar shekara ta tafi ke nan. Babanmu ya rasu, cittar nan ita ke riƙe da gidan. Na tone tawa da wuri, muka tsaga, na baza a falalen dutsen bayan gida, na bar wa Mama, ga ta da ciwon gwiwa. Na nuna mata inda tampol yake har sau uku.

"Ni na haife ka a kan citta," in ji ta. "Tafi abinka."

Na tafi, amma kafin mu kai Legas na kira ta sau shida. Muna ƙetare iyaka koci ya miƙo hannu.

"Kawo wayan nan. Sai an gama race."

Ranar Lahadi aka yi tseren. Ƙafafuna ba su taɓa yi mini biyayya irin ta ranar ba. Muna wuce rabin hanya na tsinci kaina cikin mutum biyar da suka ɓalle suka bar taron a baya. Jama'a na ihu da Faransanci, ban san me suke cewa ba, amma na san ba zagi ba ne. Sai iska ta canza. Na ɗaga kai, na ga hadari baƙi ƙirin ya taso daga wajen teku. Ɗigon farko ya sauka a hannuna.

Wanda ya tashi a gidan citta ya san abin da wannan ɗigo yake yi wa mutum. Ko cokali na bakinka sai ka ajiye ka ruga. Na ga Mama tana jan tampol da gwiwa ɗaya, na ga cittar tana iyo. Ko kaɗan ban tuna cewa kwana biyu muka yi a mota kafin mu iso nan ba. A ganina hadarin da ke kaina shi ke kan dutsenmu.

A bakin titi na hango rumfa, wani dattijo mai sayar da albasa yana zaune da hular Hausawa. Na taka birki. Sauran huɗun suka wuce, ɗaya har da waiwayowa.

"Baba, kana jin Hausa?"

"Ina ji. Taya ce ta fashe?"

"A'a, citta ce. Don Allah ara mini waya."

Ya dube ni, ya dubi lambar da ke bayana, ya miƙo wayar. Na danna lambar Mama. Da ta ɗauka sai na ji ganga da waƙa a bayanta.

"Mama, ni ne. An kwashe cittan? Ruwa ya sauko."

"Wane ruwa? Rana yana nan kamar wuta. Kai kana ina?"

"Ina cikin race."

"To wa ke tuƙa keken?"

Na dubi keken jingine a jikin rumfa.

"Na tara matan zumunta tun da aka tashi sujada a coci muna maka addu'a ka ci," in ji ta, "ashe kai kana tsaye. Me zan gaya musu yanzu?"

Tana cikin magana taron masu keke ya zo ya wuce fuu, suna watsa mini ruwan titi. Na hangi rigunan abokaina uku a ciki. Dattijon ya karɓi wayarsa ya ce, "Ɗana, cittar ta ce ka bi su."

Na bi su, amma jiki ya riga ya yi sanyi. Mutum biyu kaɗai na riga isowa, ɗayansu ma tura kekensa yake yi da sarƙa a tsinke. Koci yana jira ƙarƙashin lema. Na yi tunanin in ce ciki ne ya murɗa mini, amma na san in na yi ƙarya ba zan samu sukuni ba har mu isa gida, sai na faɗi gaskiya.

"Na karɓe maka waya ɗaya, ka je ka samo wani a ƙasan mutane," in ji shi. "Da wannan ƙoƙarin ka sa a feda."

Ɗaya daga cikin abokaina aka bar wa keken, kuma ya cancanta, domin shi bai tsaya ba. Da muka dawo na tarar da cittar ta bushe ƙarau, Mama har ta ɗure ta a buhu ta ɗinke. Ba a ƙara gayyatata waje ba. Har yau in hadari ya haɗu a kasuwar Kachia, akwai mai cewa, "A ba shi waya."

Abin da na koya shi ne, in ka danƙa wa mutum aiki ka tafi, to ka bar masa shi da gaske. Damuwata ba ta busar da citta ko ɗaya ba, keke kawai ta raba ni da shi.

Yanzu wasu matasan ƙauyenmu sun fara hawa, su ma gona ce ke ciyar da su. Don haka ina roƙon masu karatu: in akwai wanda ya san wani tsere a maƙwabtan ƙasashe da ake yi bayan an gama shanya, kafin a fara shuka, ya taimaka ya sanar da mu lokacinsa da yadda ake shiga. In kuma babu sai a lokacin shanya, su tafi kawai. Ni zan zauna musu a kan dutsen ina kallon sama. Wannan aikin kam, ba wanda ya fi ni iyawa.