Manyan Kifin da Muka Kwashe

Yayana yana da tafkin kifi a bayan unguwar Malam, can inda gari ya ƙare a wancan lokacin. Shi ke kiwon karfasa, ni nake ƙyafewa in sayar a kasuwar Maamobi. Gida biyu ke ci daga ruwan nan, nasa da nawa.

Wata shekara sai ga wani kifi a cikin komar da muka ja, baƙi, mai faɗin baki, wanda ba mu taɓa gani ba. Har yau ban san wanda ya zuba mana shi ba. Muka riƙa ce masa baƙo. Kafin a jima karfasa ta fara raguwa, ashe 'ya'yanta yake haɗiyewa.

Yaya ya kai kuka ofishin masu kula da kifi, suka turo wata mata, 'yar ƙabilar Ga, da takalmin roba har gwiwa. Sati uku tana kama kifi, ta yanke gefen wutsiya, ta mayar da shi ruwa, ta sake kamawa ta ƙirga masu alamar. Na ce, "Yaya, wanzamiya suka aiko maka?"

Ranar da za ta tafi ta ari faifaina. Ta zuba masara, ta ce manyan baƙi ke nan. Ta zuba shinkafa, ta ce ƙanana. Da Hausarta ta kasuwa ta ce manyan har nasu 'ya'yan suke ci. Sai ta tsince masarar, ta ƙara shinkafa: shekara ɗaya. Ta ƙara: shekara biyu. Har faifan ya cika. Ta ce, "Ku bar manya tukuna. Ƙananan za ku kama."

Haba! Wa zai sayi kifi kamar yatsa a Maamobi? Tana juya baya na ce, "Yaya, ina ka taɓa jin an bar ɓarawo an kama ɗansa?" Ni ina da baki, shi kuma ba ya son musu. Muka kwashe manya. Wallahi sun yi kasuwa, mata har rububi suke.

A shekara ta biyu saman ruwan ya daina kwanciya. Da safe sai ka ga yana motsi kamar koko a wuta. Na gani, amma na ci gaba da kai kifina kasuwa.

A ta uku mu huɗu muka ja koma, da ƙyar. Duk ƙananan baƙi ne. Yaya ya durƙusa a laka yana tona tulin da hannu biyu, ko zai ga karfasa ɗaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ƙanwata, je ki nemo matar nan."

Kunya kamar in nutse, amma na je. Ta saurare ni, ba ta yi mini gori ba. Ta tambaya ko akwai rafi kusa da tafkin. Na ce akwai, mutanen unguwa a nan suke kamun kifinsu. Ta leƙa taga ta dubi hadari, ta ce, "Ku ƙafar da tafkin duka, kada ku bar ko ɗaya da rai, kafin ya cika ya malala."

Na fito ina tunanin bakin da zan faɗa wa Yaya wannan magana. Trotro ɗinmu, motar hayar da na hau, ko unguwar Kokomlemle bai wuce ba aka fara yayyafi.