Tsatsar da Ta Yi Mini Shaida

Ko zan manta komai na zamana a Alƙahira, ban da ranar da na tashi daga unguwar Ard al-Liwa zuwa Hayyin Ashir, a 2013, lokacin da ko ina ka juya shingen sojoji ne.

Ni ɗan maƙera ne, karatu ya kai ni Masar. A can na kamu da tara kunamun tsofaffin bindigogin soja, irin waɗanda asali da dutsen ƙanƙara suke tashi, daga baya aka yanke kaskon albarushin, aka toshe ramukan, aka mayar da su masu hular tagulla. Wannan gyaran nake so, don a nan ake ganin hannun maƙeri. Tsohon da nake saya wurinsa kullum sai ya ce, "Ɗana, bar musu tsatsarsu." Ina! A gidanmu tsatsa abin kunya ce. Na yi ta guga ina shafa mai, har guda bakwai suka koma fes.

Ranar tashin, soja ya tsayar da motarmu, ya zazzage jakata. Ya ɗauki ɗaya daga cikin kunamun ya ɗana, ta ce ƙas! Saura wata ɗaya jarrabawar ƙarshe. In aka ce makami ne, iƙama, wato izinin zamana a ƙasar, ta tafi, wahalar shekara shida ta tafi.

"Kayan tarihi ne," na ce.

"Kayan tarihi da wannan sheƙin?"

Aka ware ni gefen titi cikin rana. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, ina ta lissafin abin da zan faɗa wa mahaifina. Can babbansu ya zo ya sake lalube jakar, ya ciro ƙunshin jarida. Ta takwas ce, wadda ban samu gogewa ba, tsatsa ta cinye ta, ko motsi ba ta yi. Ya jera ta da sauran, yana bin tosassun ramukan da yatsa. Duk iri ɗaya.

"Wa ya goge waɗannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka ɓata su. Yalla, kwashe."

Na kwashe. Wadda nake jin kunyarta har na ɓoye ta a jarida, ita kaɗai ta yi mini shaida. Tun ranar na koyi barin tsufa a jikin abin da ya tsufa. Tana nan a gidana, kuma har yau ban yarda kowa ya kusance ta da mai ba.