Saiwa Ta Uku

Shekaranjiya a asibitin haƙori a Birnin Kebbi wani wari kamar na kanumfari ya buge ni, sai na tuna da ƙanwata.

A Gulma muka tashi, a gidan kakarmu ta wajen uba. Idan shinkafa ta fara nuna, mu yara ake turawa fadama korar tsuntsaye, da gwangwani da tsakuwa a ciki, ruwa har ƙwauri, rana a ka. A irin wannan lokaci ne haƙorin ƙanwata, turmin ƙasa, ya ruɓe, tana shekara shida, bai ma kai famfara ba. Kaka ta cusa mata kanumfari kwana uku, bai yi ba, ta aika a kira wanzami.

Ni aka sa na danne mata ƙafafu a kan tabarma. Ya sa awartaki ya murɗa, na ji ƙas. Ya ɗaga haƙorin yana nuna wa kowa. "Ku duba da kyau, saiwa biyu, ga su. Turmin ƙasa ba ya wuce haka." Kaka ta ƙirga, Baba ya ƙirga. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Amma yarinya ba ta daina cewa akwai abu a ciki ba.

"Mi ya rage?" in ji Kaka. "Da idona na gani. Ƙiwa ce, ɗiyar ga ba ta son fadama."

Haka aka ci gaba da tura ta. Ta zauna a kan tudu riƙe da kunci, tsuntsaye suna cin ɓangarenta. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, maƙaryaciya na riƙa kiranta, don aikinta ni ya dawo wa. Inna ta ga kumburin sarai, amma wai ba a musu da suruka. Ba a musu! Sai da ido ya rufe, baki ya ƙi buɗuwa, ɗaki ya ɗauki wari, sannan Baba ya ɗora ta a babur zuwa asibitin Argungu. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi suka tsaga, mugunya ta fita, suka zaro wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Kun san abin da Kaka ta ce? Wai ƙayar kifi ce. Har ta koma ga Allah ba ta ce wa yarinyar nan yi haƙuri ba. Babu wanda ya ce. Ƙanwata ta girma da tabo, mayafinta kullum naɗe har haɓa, da gefe ɗaya take tauna.

Yanzu ɗiyata ce, shekararta biyar, ita ma turmin ƙasa ke mata ciwo. Surukata har ta yi wa wanzami magana. Na ce mata za ni Gesse gaida gwaggona, na wuce da yarinyar asibiti. Likitar ta ɗauki hoton haƙorin, ta juyo mini da shi tana nunawa da biro: saiwa ɗaya, biyu, ga ta uku a lanƙwashe ta baya.

"Ba ciwo ba ne, halitta ce," ta ce. "Ba kowane yaro ba, amma muna gani. Shi ya sa ba ma cirewa sai mun duba."

Suna gani! Abin da aka sani ne ashe, mu muka zauna muna ƙaryata yarinya. An cire na ɗiyata da saiwarsa duka uku, lafiya lau. Surukata ba ta amsa gaisuwata, wai na raina ta. Ta daɗe ba ta amsa ba. A da babba ya faɗa an gama. Yau akwai hoto, amma na lura har yanzu sai an ga hoton ake yarda da yaro.

Na ɗauki hoton da waya na tura wa ƙanwata, ban rubuta komai ba. Bayan la'asar ta kira.

"Yaya, da ta ce yana mata ciwo, kin yarda da ita?"

"Na yarda."

"Tun ranar farko?"

"Sai rana ta uku," na ce.

"To," ta ce, ta kashe wayar.