Farar Rigar da Ta Kusa Cinye Mini Ido

A shekarun da Gana ta samu mulkin kai, ni saurayi ne mai ɗinkin hannu a wata rumfa a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin ƙasar, kaina cike da 'yan littattafan soyayya na kasuwa. Na yarda da su ɗari bisa ɗari cewa masoyin gaskiya bai san gajiya ba. Akwai wata yarinya mai sayar da koko a unguwar Maamobi da ke kusa da mu, wadda murmushinta kaɗai kan sa in manta hanyar gida. Mahaifinta bai kore ni ba, amma bai amsa ba tukuna. Sai na ƙudura zan yi masa aikin wuya a farar babbar riga kafin Sallar Layya, ya saka ya san irin surukin da zai samu.

Rumfarmu tana da al'ada. Da rana ta take, kowa ya soke allurarsa a hula, a shimfiɗa tabarmi, ba a komawa aiki sai bayan la'asar, domin hasken tsakar rana a kan farin yadi yana cin ido. Ni na ɗauka lalacin tsufa ne. Suna kwance nakan fito bakin rumfa, inda haske ya fi ƙarfi, in ci gaba. Maigidana ya riƙa kirana ango, yana tambaya ko da sandar jagora nake so a kai ni ɗakin amarya. Na taya su dariya.

Da fari hawaye ne, daga nan zare ɗaya ya koma biyu, wata safiya kuma na kasa buɗe ido. Likita ya naɗe mini fuska, ya ce in zauna a ɗaki mai duhu, bai kuwa yi mini alkawarin warkewa ba. Sallah ta wuce ban gama rigar ba. Yarinyar ta zo dubiya tare da innarta, ta kira ni yaya, ta ce babanta yana da riguna, ita kuwa miji take so wanda zai hango ta a cikin taron mata ya gane ta.

Idon dama ya dawo, na hagu har yau dishi-dishi yake gani. A haka muka yi aure. Abin da na koya a ɗakin nan shi ne, jiki yana da lokacin aiki da lokacin kwanciya, kamar yadda tekun Ankara ke cika ya janye, kuma wanda ya hana shi hutu, jikin zai karɓi hutunsa da ƙarfi. Samari masu zafin so, in rana ta take ku ajiye allura. Wadda kuke wahala dominta da idanunku biyu take son ku.