Matar da ke riƙe tsani

Malamin makarantar da ke jiran sa hannu a ofishin ya manta da takardarsa, ya zuba wa mai shara ido. Gajeriya ce, ta kusa hamsin, ta jingine tsintsiya ta danne ƙafar tsani da silifas ɗinta. Mai gyaran fanka yana can sama yana gumi. Hannu kawai yake miƙowa, ita kuwa ta ɗora masa filaya tun bai tambaya ba. Duk notin da ya kwance, sai ta kafa shi a jikin guntun sabulu don kada ya gangara ƙarƙashin kabad. Malamin yana ayyanawa a ransa, wannan a gindin tsanin babanta ta girma.

Mai gyaran ya sake miƙo hannu, ta hana shi.

"Sukundireba, Yaya."

"Ba ka kashe wuta ba, ƙanena. Malam, taimaka danna mana makunnin can."

Da aka gama, fankar ta tashi, ta watsa sharar da matar ta tara har bakin ƙofa. Ta bi ta da kallo tana dariya.

"Madalla. Da hannuna na jawo wa kaina aiki."