Wanda Ya Goyo Ni

Da kuɗin sallama na gina gidana a Daura, bayan na bar aikin soja da ƙafa ɗaya. Ta hagun a bakin daga na baro ta. Gidan ba wani babba ba ne, ɗaki uku da zaure, amma nawa ne, kuma tun da na tare ban taɓa bari mai karɓar harajin gida ya yi sawu biyu a ƙofata ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mai unguwarmu ya tsayar da ni. Ya ce an yi sassauci ga tsofaffin sojojin da suka nakasa a bakin aiki, duk mai gidan kansa za a ɗauke masa harajin in ya kawo shaida. Na ƙwanƙwasa ƙafar robata da sanda, na ce shaida ai a fili take.

Ranar Litinin na je ofishin. Wata mata mai tabarau ce a teburin, ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama.

"Baba, ƙafar kam na gani," in ji ta. "Abin da ake so a tabbatar shi ne inda ta tafi. Wanda ya yi haɗarin babur ma ƙafa ɗaya gare shi."

Gaskiya ta faɗa, ban ji haushi ba. Takardar sallamata tana nan, amma ta asibiti gara ta cinye ta tun ina gidan haya. Ta ce to in kawo wanda abin ya faru a gabansa, ya yi rantsuwa a rubuce.

Mutum ɗaya ne. Ɗan Baure ne, tare aka ɗauke mu aiki, na kuma ji yana sayar da dabbobi a Kongolam. Na daɗe ban neme shi ba, domin a lokacin ba na son haɗuwa da duk wanda ya san ni da ƙafa biyu. Na shiga mota na tafi. Na same shi yana ɗaure raguna, ya ba ni baya. Sau uku ina sallama bai waiwayo ba, sai da na dafa kafaɗarsa. Ashe ƙarar bam ɗin da ya ɗauke mini ƙafa ita ta kashe masa kunnen hagu.

Bai tambaye ni inda na shige ba. Ya bar wa ƙanensa ragunan, ya biyo ni.

A gaban matar nan na fara jin labarin kaina. Ni dai na san na farka a gadon asibiti, kuma duk zatona mota ce ta kwaso ni. Ya ce babu mota ranar, an tare hanya. Da rawanin wani ya ɗaure mini cinya, ya goya ni tun hantsi har la'asar sakaliya, yana bi ta cikin gonakin dawa.

"Hajiya, yana ta ba ni oda in ajiye shi in gudu," in ji shi, "don ya fi ni igiya ɗaya. Ranar ce kaɗai na ƙi bin oda a aikin soja."

Matar ta ajiye biro ta dube ni. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Sai na ce ta ɗauko wata takardar, shi ma a bakin aiki ya rasa kunne, ni ne shaidarsa.

Ta ɗaga murya yadda zai ji. "Baba, kana da gidan kanka?"

Ya ce haya yake yi, shi da iyalinsa.

"Sassaucin na masu gida ne," ta faɗa a hankali.

Ya yi dariya ya ce wanda ba shi da gida ai tuni aka yafe masa.

Bayan 'yan makonni takardata ta fito, an ɗauke mini harajin. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, haƙƙina ne kuma ban roƙi kowa ba. Amma maganar hayar nan ta tsaya mini a rai. Na ce ya dawo Daura in ware masa ɗaki, ya ce kasuwarsa tana can. Sai na nemo ɗan fili a hanyar Sandamu, na ce in fara biya ya riƙa cikawa. Nan ma ya ce a'a, bai goyo ni don lada ba.

Yanzu duk ranar da ya shigo gari a zaurena yake sauka. Mai ɗakina ta dama masa fura, ni kuma in zauna ta damansa in sake tayar da zancen filin. Wani lokacin sai ya juyo mini da mataccen kunnen da gangan. Ban damu ba. Na san halin mutumina, a karon baya har ya tambaye ni ko wurin yana da ruwa kusa.